Filin Tambaya da Amsa: Za a yi wa Inna aikin haske a ƙwaƙwalwa, mu gaya mata ko mu ɓoye?

Assalamu alaikum masu karatu. Tambayoyin da na zaɓo wannan karon duk kan abu guda suke, wato aikin da ake yi wa ƙari ko wata matsala cikin ƙwaƙwalwa da wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, ba tare da an buɗe kai ba, wanda lokotoro ke kira radiyoshirurji. Kamar kullum na cire sunayen masu tambaya, wasu saƙonnin kuma na rage masu tsawo.

TAMBAYA TA FARKO

Salamu alaikum Tanti, ina wuni, ya aiki ya ɗawainiya da mu. Ni ɗan kasuwa ne nan Maradi, unguwar Zariya. Innarmu ce, shekarunta sun kai 60, an daɗe kunnenta na hagu yana mata ƙara kuma jinta na raguwa, har in ana kiranta a waya sai ta maida ta kunnen dama, daga baya jiri ya shigo. Mun yi na gida mun yi na likita, daga ƙarshe aka tura mu Yamai aka yi IRM, wato hoton cikin kai da injin maganaɗisu, lokotoro ya ce ƙari ne ƙarami bisa jijiyar ji, ba kansa ba ne amma yana girma, ya ba da shawara mu hita waje a yi mata da wani inji wai shi Gamma Knife. Mun haɗa kuɗi, dosiye ya tahi, har an ba mu randebu. Matsalar ita ce kawunmu da babbar yayarmu sun ce kar wanda ya gaya mata mi za a yi, a ce mata awo ne kawai za a sake, don tana da tansiyo. To amma Tanti tun da ta ji maganar fasfo ta bar cin abinci, dare ba ta barci, ta fara rabon zannuwanta ga jikoki, shekaranjiya ta kira ni ɗaki tana cewa in yahe mata. Ni kaina ban san mi za a yi mata ba balle in kwantar mata da hankali. Mi ya kamata in yi?

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba Inna lafiya, ku kuma ya saka maku da alheri kan wannan tsayuwa da kuka yi mata.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, ku gaya mata. Matar da ta fara rabon zannuwa tana neman gafara ai ta riga ta yanke wa kanta hukunci. Ta ga ana ƙus-ƙus, ana shiga ɗaki ana rufe ƙofa, ana haɗa kuɗi, an kai ta an ɗauki hoton fasfo, ita ba yarinya ba ce, kuma abin da ta ƙulla a ranta shi ne za a fasa mata kai ne kuma ba za ta tashi ba. Alhali abin da za a yi mata ɗin ko kusa bai kai haka ba. Ka ga kenan shirun da kuke yi don kar tansiyonta ya hau shi ne ke hana ta barci, rashin barci kuwa shi ne mai tayar da tansiyon. Na san ƙauna ce ta sa kawu da yaya suka faɗi haka, haka muka taso, ana ganin ɓoye wa majinyaci ciwonsa tausayi ne. Kar ka yi gaba da su, ka same su cikin ladabi ka fara yi masu bayanin tukun, in su suka fahimta sauran mai sauƙi ne.

Akwai kuma dalili na biyu wanda ya fi na farko ƙarfi. Wannan aikin babba ido biyu ake yi masa, ba a sa shi barci sai in da wani dalili, yara ƙanana ne ake kwantarwa da maganin barci. Inna za ta ga komai, za ta ji ana ɗaura mata ƙarfe a kai, za a ce ta kwanta kar ta motsa, za a bar ta ita kaɗai cikin ɗaki a rufe ƙofa mai kauri. Ka duba yadda wannan zai zo wa tsohuwar da aka ce mata awo ne kawai, a ƙasar da ba ta jin yaren kowa. Kuma can ɗin sai sun yi mata bayani ta sa hannu ko ta dangwala kafin su taɓa ta, ka ga gara ta ji daga bakin ɗanta a tsakar gidanta da ta ji daga bakin tafinta da safiyar ranar. Shi ya sa a cibiyoyin da ake wannan aikin ake zaunar da majinyaci tun kafin ranar, ma'aikaciyar jinya ta bi da shi mataki-mataki, a nuna masa hoto ko bidiyo, wani wurin har a kai shi ya leƙa ɗakin ya taɓa ƙarfen da hannunsa, domin sun ga wanda ya san abin da ke gabansa ya fi natsuwa kuma aikin ya fi tafiya daidai. Mu da ke tasowa daga nesa sau da yawa wannan zaman ba ya samuwa yadda ya kamata, ana sauka jirgi ne gobe ko jibi a shiga, to sai mu yi namu zaman tun daga gida.

Ga abin da za ka sani kai kanka. Babu wuƙa, babu yanka, babu ɗinki. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwidin, Lars Leksell, shi ya kawo dabarar tun 1951, injin farko ya fara aiki a birnin Sitokholm a 1968, ka ga ba sabon abu ne da za a gwada kan Inna ba. Cikin injin akwai ƙananan maɓuɓɓugan haske na sinadarin kobalt, injinan yanzu guda 192, tsofaffin 201, kowane yana turo siririn haske daga kusurwarsa. Ka san rijiyar ƙauye da hanyoyi ke zuwa mata ta ko'ina, kowace hanya mutum ɗaya-ɗaya ke bi har ciyawa na tsira a kanta, amma bakin rijiyar inda kowa ya haɗu ƙasa ta dake ba abin da ke fitowa. To haka ne, kowane haske shi kaɗai rauni gare shi, yana ratsa lafiyayyen wuri ba tare da ya yi ɓarna mai yawa ba, sai a kan ƙarin inda duka suka haɗu ne ƙarfin ke taruwa. Saitin kuwa kuskurensa bai kai milimita 1 ba, shi ne dalilin da ya sa dole kai ya tsaya cak.

Ranar aikin da sassafe za ku je. Maganar ci da sha ku bi abin da asibitin ya ce, wasu na cewa a zo ba a ci komai ba. Maganin tansiyonta ku tambaya, galibi ana cewa a sha shi da ɗan ruwa kamar kullum, in kuma tana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini to tun kafin ku bar Maradi ku sanar da su. Haka duk wani jiƙe-jiƙe ko garin magani na gida da take sha, ku faɗa, ba abin kunya ba ne. Ta tsefe kitso ta wanke kai tun daren, kar a shafa mai ko man shanu, kar ta sa kwalli, a cire ƴan kunne da sarƙa da zobe da fil na kallabi da laya in akwai, in tana da haƙorin Makka ko wani ƙarfe a jiki a gaya masu saboda injin IRM maganaɗisu ne mai ƙarfi. Ba a aske kai, wannan ka gaya mata da wuri don mata na damuwa da shi ƙwarai.

Wurin da ya fi wuya shi ne ɗaura ƙarfen, kuma nan ne nake so ka gaya mata gaskiya kar ka ce ba za ta ji komai ba. Wani ƙarfe ne mara nauyi da ke kewaye kai, ana riƙe shi da ƴan ƙusoshi masu murɗawa guda 4, biyu a goshi biyu a ƙeya. Kafin nan za a yi mata allurar kashe zafi a wuraren huɗu, allurar tana da raɗaɗi na ɗan lokaci kaɗan. Sannan in ana ɗaurewa za ta ji matsi sosai, ta ji kai ya ɗaure tamau, wannan matsin ba alamar wani abu ya lalace ba ne, cikin ƴan mintoci yake lafawa har ta manta da shi. Ƙusoshin ba sa shiga cikin ƙwaƙwalwa, iyakarsu fata su dafa ƙashin kai daga waje. In ta san da matsin tun daga gida, in ya zo za ta ce ai ɗana ya gaya mini. In kuwa an ce mata ba komai sai ta ji shi, daga nan ta daina yarda da duk sauran abin da aka faɗa mata, kuma sauran ranar da tsawo. Wasu injinan da abin rufe fuska na roba suke aiki a madadin ƙarfen, ku tambaya wanne za a yi mata.

Daga nan sai hoto, IRM da ta riga ta sani da ƙararsa ta bugu-bugu, da allurar ruwan da ke fito da ƙarin fili, shi ya sa ake awon ƙoda kafin nan. Bayan hoto sai jira, awa 1 ko 2 wani lokaci fiye, kuma jiran nan yana tayar wa mutane hankali don suna zaton an ga wani mugun abu ne. A'a, lokacin ne likitan ƙwaƙwalwa da likitan haske da masanin lissafin injin ke zaune gaban kwamfuta suna tsara inda kowane haske zai bi. Kana iya zama kusa da ita kuna hira. Sallah in lokaci ya yi ba za ta iya sujada da ƙarfe a kai ba, ku tambayi malaminku tun a gida yadda za ta yi alwala ko taimama da sallar zaune, don kar wannan ma ya zame mata abin damuwa a can.

Aikin kansa shi ne mafi sauƙi. Ta kwanta kan gado, a maƙala ƙarfen a mazauninsa, gadon ya zame da ita kanta ya shiga bakin injin. Ba zafi, ba ƙuna, ba ta ganin hasken, ba ta jin sa, injin ma kusan shiru yake ba irin IRM ba. Yakan ɗauki minti 30 zuwa awa 1 ko 2, ya danganta da girman ƙarin da injin. Ba za a bar ka ciki ba, ko ma'aikatan fita suke, amma suna kallonta ta kyamara suna jinta ta lasifika, in ta yi magana za a amsa, in tana son fitsari ko tari ya taso ana iya tsayar da injin a ci gaba daga baya ba abin da ya ɓaci. Nan ne maganar yare ta shigo kuma don Allah kar ku raina ta. Ka roƙi a bar ka ko tafinta kusa da makirfon ɗin ma'aikata don ta ji Hausa, ku kuma shirya alama da hannu, misali in ta ɗaga hannun dama tana son a tsaya. Wurare da yawa suna yarda a sa wa majinyaci abin saurare, ka ɗora mata karatun Alƙur'ani na makarancin da ta saba ji a waya ka miƙa masu. In ta fi sakewa da mace, ku roƙi ma'aikaciya mace ta tsaya da ita, ba laifi ba ne.

An gama a kwance ƙarfen cikin ƴan mintoci, a manna ƴar filasta, wani lokaci ɗan jini ya fito. Ciwon kai ko tashin zuciya na iya zuwa a ba ta magani, galibi ranar ake sallama ko a kwana ɗaya. Bayan kwana 2 ko 3 fatar ido na iya kumbura, wurin ƙusoshin na iya yin tsami ko ya mutu na ɗan lokaci, gajiya ma na zuwa, duk suna wucewa.

Abu guda da ba na so ku yi mata alkawarinsa shi ne jinta zai dawo. Manufar aikin ita ce a tsayar da girman ƙarin, kuma a irin nata ana dacewa a fiye da kashi 90 cikin 100, amma ƙarin ba ɓacewa yake ranar ba, yana nan, a hankali cikin watanni da shekaru yake tsayawa ko ya motse. Wani ma yakan ɗan kumbura tsakanin wata 6 zuwa 18 kafin ya lafa, in hoton farko ya nuna haka kar ku ce kuɗi sun tafi a banza. Jin kunnen na iya tsayawa yadda yake, yana iya ƙara raguwa, ƙarar ma ba lallai ta tafi ba. Ta san wannan tun yanzu.

Yadda za ka gaya mata kuwa, kar a tara mata taro. Kai da mutum ɗaya da ta fi yarda da shi, da hantsi bayan ta ɗan sha kunu, ba da dare ba. Ka fara da tambayarta, Inna mi kike zaton za a yi maki? Ka bari ta gama faɗa ko da kuka ne, kar ka katse ta da ki yi haƙuri. Sannan ka ba ta manyan guda uku, ba kansa ba ne, ba za a yanka ba, idonki biyu kuma ina bakin ƙofa. Sauran bayanin ka raba shi kwana-kwana, kowane zama ka ce ta maimaita maka da bakinta don ka ji abin da ya zauna. Ku riƙa gwaji a gida, ta kwanta rigingine ba motsin kai minti 10, gobe 20, karatun na tashi a waya, har jikinta ya saba. Zannuwan da ta raba kar ka ce a maido, amma ka sa ta zaɓi wanda za ta ɗaura ranar dawowa.

TAMBAYA TA BIYU

Tanti barka da war haka. Ni malamar lakkol ce a Tasawa. An yi mini aikin kansar nono na yi shimiyo a Yamai, yanzu hoto ya nuna ƴan ɗigo 2 a ƙwaƙwalwa, an ce za a ƙone su da haske a waje kuma da mask za a yi. Ni matsalata ba na iya zama wuri matsattse, ranar IRM sai da aka fiddo ni ina kuka ina haki, na ji kamar an sa ni kabari. Ina da diyabet kuma. Wallahi tsoron mask ɗin ya fi mini tsoron ciwon, har ina jin kunyar kaina, ina ganin raunin imani ne.

AMSA

Ƴar'uwata sannu, Allah ya sa kaffara ne ya ba ki lafiya. Ki cire maganar raunin imani daga ranki. Tsoron wuri matsattse abu ne sananne a likita, jiki ne ke tayar da ƙararrawa da kansa, zuciya ta buga numfashi ya sarƙe, yana samun malamai yana samun sojoji, kuma ma'aikatan wannan sashen kullum suna haɗuwa da shi. Abin da zai cuce ki shi ne ki ɓoye sai kin kwanta kan gado. Ki sa a rubuta cikin dosiyenki tun yanzu, ki sake faɗa ranar ganawa ta farko, ki ba su labarin IRM ɗin yadda kika ba ni. Suna da ƙwayar kwantar da hankali da ake ba mutum kafin a fara, ba ta sa ki barci mai nauyi, sassauta jiki take. Su za su ba ki, kar ki saya da kanki a farmasi, kuma ranar ki zo da mai rakiya.

Mask ɗin roba ce mai raga-raga, ana ɗumama ta har ta yi laushi sai a shimfiɗa a fuskarki a bi da yatsu ta ɗauki siffar hanci da haɓa da goshi, za ki ji ɗumi da danshi, cikin kamar minti 10 zuwa 15 ta sandare. Iska na shiga ta hujojin, kina numfashi yadda kika saba, wasu ma a buɗe suke ta wajen ido da hanci, ki tambaya ko za a iya yi maki irin wannan. Ranar aiki za a maƙala gefenta a gado, za ta kama ki sosai har ta bar maki zane a fuska na ɗan lokaci, haka ake so. Ki roƙa su nuna maki yadda ake ɓalle ta, za ki ga cikin daƙiƙu ake cirewa, sanin wannan kaɗai yana rage abu mai yawa. Kuma injin ba rami ne mai tsawo irin na IRM ba. In Gamma Knife ne kai da kafaɗa ke shiga, in wani injin haske mai suna CyberKnife ne ko irin injin da ke juyawa kewaye da gado to ɗaki ne a buɗe. Injinan da ke aiki da mask suna lura da motsin kai, in kin gusa fiye da ƙima ana tsayawa a gyara, don haka ki daina tunanin in kin yi atishawa hasken zai ƙona wani wuri. Ana yin zama 1, wani lokaci a raba 3 ko 5.

A gida ki fara horo daga yau. Ki kwanta, ki jiƙa siririn mayafi da ruwan ɗumi ki matse ki shimfiɗa a fuska, minti 1 kawai ranar farko, wani na zaune kusa da ke, kullum ki ƙara kaɗan. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, ki sake shi a hankali kina ƙirga 6, fitar ta fi shigar tsawo. Yatsunki a sake suke cikin injin, ki yi tasbihinki da su. Ki ce wa ma'aikacin ya riƙa gaya maki ta lasifika saura minti kaza.

Diyabet ɗin kuma ki riƙe wannan. Sau da yawa ana ba da maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa mai suna dekzametazon, yana tayar da sukari sosai, yana hana barci, yana ƙara yunwa. Ki tafi da abin awon sukarinki, ki auna fiye da yadda kika saba, ki tambaya ko za a gyara maki magani, ki sha shi da abinci, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa yadda likita ya tsara. Abin da nake so ya ƙarfafa ki shi ne wannan hanyar ɗigon kawai take nufa ta bar sauran ƙwaƙwalwa, shi ya sa ta fi kiyaye tunani da riƙe abu a kan haska kai gaba ɗaya, ke mai koyarwa kin san darajar wannan. Za a riƙa maki hoto duk wata 2 ko 3, in wani ɗigo ya fito sau da yawa ana iya maimaitawa.

TAMBAYA TA UKU

Malama ina gaisuwa daga Madarunfa. Maiɗakina ce aka ce jijiyoyin jini sun curu wuri guda cikin kanta tun haihuwa, za a yi mata wanga aiki. Mutane na cewa in ta dawo sai an ware mata kwano da ɗaki, kar ta ba jariri nono, wai kuma hankalinta zai taɓu. Gaskiya ne?

AMSA

Malam ba gaskiya ba ne, kuma don Allah ka tare wannan maganar kafin ta kai kunnenta. Hasken ba ya zama cikin jiki, ana fitowa daga injin shi kenan, ba ta ɗauke da komai da zai taɓa kai ko yara ko mai ciki. Ta ci kwano ɗaya da kowa, ta goya ɗanta. Hasken ba ya shiga nono, abin da za ku tambayi likita kawai shi ne allurar hoto da magungunan da za a ba ta, ku gaya masu tana shayarwa. Abin da yake dole a sani shi ne ciki, in akwai ko ana zato a faɗa kafin komai. Hankali kuma ba ya gushewa, gashin kai ma in ya zube ɗan wuri ne kaɗan in abin na kusa da fata, kuma yakan tsiro.

Nata aikin yana da wani mataki guda fiye da na Inna da na yi bayani a sama, ranar ana yin hoton jijiyoyin jini, a zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi ko ta hannu bayan allurar kashe zafi, za ta ji ɗumi ya ratsa kanta na ɗan lokaci, in ta matsematsi ne sai ta kwanta miƙe wasu awoyi. Ka gaya mata tun yanzu. Sannan curin jijiyoyin a hankali yake toshewa, shekara 2 zuwa 3, kafin ya toshe haɗarin zubar jini yana nan, don haka maganar sake ɗaukar ciki ku yi ta da likita, hotunan bibiya kuma ba a tsallake su. In ciwon kai mai tsanani ya faɗo mata farat ɗaya, ko amai ba tsayawa, ko jijjiga, ko gefe ɗaya ya saki, ko magana ta karkace, asibiti nan take ko tsakar dare ne.

TAMBAYA TA HUƊU

Tanti ni ɗalibi ne a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Babanmu sikane ya nuna ƙari a kansa, lokotoro ya ce aiki za a yi a buɗe, shi kuma ya ƙi, wani ya ce mana yana da hanya a waje da za a yi da haske in mun biya. Ana yi a Nijar? Kuma kowane ƙari ake yi wa?

AMSA

Ɗana, ba kowane ba. Wannan hanyar ta ƙananan abubuwa ce, galibi waɗanda ba su wuce santimita 3 ba. In ƙari babba ne yana danne ƙwaƙwalwa, ko ruwa ya taru, ko ana buƙatar a ciro yanki a auna a san irinsa, to buɗewa ce magani, domin haske ba ya ɗauke nauyin da ke danne wuri yau, watanni yake ɗauka, kumburin da yake jawowa ma na iya ƙara matsin. Wani lokaci ana haɗawa, a cire mafi yawa da hannu sannan a bi ragowar da haske. Tsoron Baba abin fahimta ne, kuma maganinsa ɗaya da na sauran, ku koma wurin lokotoron tare da shi, a buɗe hoton a nuna masa da yatsa ga abin ga girmansa, a gaya masa cikin Hausa mi za a yi da kuma mi zai faru in an bari.

A Yamai cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa ta fara aikin haske a 2021, wannan ci gaba ne babba, amma shi irin wanda ake zuwa kullum na makonni ne, daban yake da mai saiti ɗaya da muke magana. Masu buƙatar mai saiti ɗayan galibi waje ake tura su. A nahiyarmu akwai Gamma Knife a Alƙahira tun 2001, a Rabat ta Maroko tun 2008, wasu kuma Indiya ko Turkiyya ko Faransa suke nufa. Amma kar ku ba kowa ko dala kafin likitan can ya ga hoton da idonsa. A tura masa hotunan kansu da ke cikin faifan CD, ba takardar sakamako kaɗai ba, ya amsa a rubuce da sunansa da na asibitinsa cewa wannan ƙarin ya dace da haske, sannan ku kai amsar ga lokotoronku na nan ya duba. Ku tambaya wane inji, zama nawa, kwana nawa za ku yi, kuɗin ya haɗa da IRM da awon jini ko a'a, akwai tafinta ko babu. Duk wanda aka yi wa kuma, kafin ya hau jirgi ya karɓo rahoton aikin mai ɗauke da yawan hasken da aka ba shi da wurin da aka haska, da faifan hotunan ranar, da lambar da za a iya tura masu hoton bibiya, don likitan da zai ci gaba da duba shi a Maradi ko Yamai da waɗannan zai yi aiki.